Sunan littafi ya ƙi zama, gyara ya ƙi ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashiyar marubuciya ce daga Gwammaja. Na gama littafina na farko, labarin wata bazawara mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, tana faɗi-tashin karɓo 'ya'yanta daga hannun dangin mijinta da ya rasu. Har yau na kasa tsayar da suna, kuma duk sanda na buɗe babin farko sai in ga kamar shirme na rubuta, in sake gyarawa. Anya ina da baiwar nan kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Wadda ta kai labari ƙarshensa ta wuce a tambaye ta baiwa, don masu farawa su watsar sun fi yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke damunki biyu kike gani, amma a aikin gyaran littattafai na saba ganin tushensu ɗaya: marubuci bai gama yanke wa kansa ainihin abin da labarinsa yake magana a kai ba. Shi ya sa suna ke zamewa, shi ya sa babin farko ba ya gamsar da ke.

Ki ɗauki takarda ki rubuta jimla ɗaya tak: wace ce, me take so, me ya tare mata hanya, me ta rasa kafin ta samu. A naki labarin, shin zuciyarsa 'ya'yan ne, ko kuwa mace ce take koyon tsayawa da ƙafarta a cikin 'yan kasuwa maza? Idan 'ya'yan ne, duk babin da ya daɗe a rumfa ana ciniki dole a rage shi. Idan tsayuwarta ce, to zaman da aka yi a zauren surukai ana rabon gado shi ne ƙofar labarin, ba wayewar garin da kika buɗe da shi kina bayanin sanyin asuba ba. Ina kyautata zaton da irin wannan kika fara, don kusan kowa da shi yake farawa.

Game da suna, ki tuna yadda littafi ke yawo a Kano. Tun zamanin da ake buga labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, ana kai wa masu shaguna a kasuwar Sabon Gari, da baki ake neman littafi. Yarinya ce za a aika ta ce, "Malam, akwai littafi kaza?" Yau ma da aka koma WhatsApp da Wattpad (manhajar da ake wallafa labarai) da karatu a rediyo da YouTube, kunne ne ke fara karɓar suna. Saboda haka ki faɗi sunan da ƙarfi. Ki faɗa wa wata a gida da safe, da la'asar ki tambaye ta. In ta manta ko ta murɗe shi, ba shi ba ne. Ki kuma guji jingina sunan da kalmomi irin su ƙaddara da hawaye da sirri. Ba laifi ba ne, sun dai cika kasuwa har mai karatu ba ya bambance wannan da wancan. Marubutanmu sun daɗe suna yanko rabin karin magana su bar mai karatu ya ƙarasa, kuma dabara ce mai kyau, muddin labarin ya biya bashin da karin maganar ta ɗauko. Sau da yawa ma sunan yana kwance cikin maganar da jarumarki ta yi a ranar da aka fi ƙuntata mata. Ki duba can.

Shakka kuma iri biyu ce. Akwai wadda ke nuna miki shafi, ta ce hirar nan ta yi tsawo, ko ƙanin mijin nan ya sauya hali ba dalili. Wannan ki saurare ta. Akwai wadda ba ta nuna komai sai dai ta ce ba ki iya ba. Ita gajiya ce, kuma gyara ba ya maganinta.

Ki rufe littafin wata guda. Sannan ki fitar da shi a takarda, ki karance shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kin taɓa kalma ba, sai alama da biro a gefe. Gyaran farko na ginin labari ne, na biyu na bakin mutane, don kada dillaliya da alƙali su yi magana iri ɗaya. Ƙa'idar rubutu, wato haɗa kalmomi da raba su da haruffa masu ƙugiya, ita ce ta ƙarshe, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a gefenki. Daga nan ki ba mutum biyu da ba sa jin nauyinki, ko ki kai babi ɗaya zaman karatun ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi. Ki ce su nuna miki shafin da suka ji kamar su ajiye.