Amsa ga ƙanenmu mai son koyar da tauhidi da batun muhalli

Salama gare ku 'yan'uwa. Na ga tambayar ƙanenmu da ya ce ya gama digirin farko a ilimin tauhidi, yana so ya zama malamin jami'a ko na seminari, kuma hankalinsa ya fi karkata ga batun muhalli, amma wasu dattawan ikilisiyarsu sun ce masa wannan aikin ma'aikatan gandun daji ne ba na bawan Allah ba, babansa kuma tambayarsa ɗaya ce, wai ana cin abinci da wannan karatun kuwa. Toh ƙanena, na daɗe a cikin wannan aiki, na koyar a makarantar tauhidi kafin na koma jami'a, bari in faɗa maka abin da na gani, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Hanya ce kuma ana bin ta, amma ka sani da wuya ka ga an buga tallar aiki ana neman malamin tauhidin muhalli. Abin da za a ɗauke ka ka koyar shi ne Tsohon Alkawari, ko tarihin ikilisiya, ko ɗa'ar Kirista, ko addinin gargajiya na Afirka, ko falsafar addini. Saboda haka ka fara kafa ƙafarka a ɗaya daga cikin waɗannan sosai, har ya zama in an tashe ka daga barci za ka iya shiga aji ka koyar da shi, sannan muhalli ya zama fagen bincikenka. In kana da kai na koyon harshe ka riƙe Ibrananci da Helenanci da kyau, don masu iya koyar da su ba su da yawa, kullum ana nemansu.

Maganar satifiket kuma kar ka yi wasa da ita. Ka bincika ko digirin da ke hannunka jami'a za ta karɓe shi don shiga mastas. Makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru da JETS da ke Jos suna da alaƙa da Jami'ar Jos, amma duk da haka ka tambaya kan ainihin kwas ɗin da ka yi, don na ga yara masu ƙwazo sun kai bakin ƙofa sannan aka ce musu takardarsu ta cikin ikilisiya ce kawai, sai sun sake yin difloma ta gaba da digiri. Wajen ɗaukar aikin koyarwa kuwa, jami'a kan so sakamakon digiri na 2:1 zuwa sama, da takardar bautar ƙasa ko ta keɓewa. Daga nan matakan sanannu ne, mataimakin lakcara, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, har zuwa farfesa, kuma ba za ka yi nisa ba sai da digirin digirgir da rubuce-rubuce a jonal.

Tambayar baba kuwa tana kan hanya, kar ka raina ta. Ana cin abinci amma ba a yin arziki. A 2022 ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ta yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, albashi ya tsaya, waɗanda ke da 'yar gona ko matansu na sana'a su ne suka ɗan numfasa. A seminari kuma albashinka yana rataye ne da baikon ikilisiya, in shekara ta yi wa manoma wuya kai ma za ka ji a jikinka. TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin karatun malamai amma na makarantun gwamnati ne, sai ka riga ka shiga aiki. Ka faɗa wa baba haka ba tare da ƙari ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato me za ka koyar. A 1967 wani masanin tarihi ɗan Amurka, Lynn White, ya buga wata gajeruwar maƙala a mujallar Science inda ya ɗora wa Kiristancin Yamma babban kaso na laifin lalacewar muhalli, ya ce koyarwar cewa an ba mutum mulki kan halitta ita ta buɗe ƙofar a yi wa ƙasa yadda aka ga dama. Kusan duk abin da aka rubuta a wannan fage tun daga lokacin, ko amsa ce gare shi ko goyon baya. Dole ka karanta shi da kanka, kuma ka karanta shi ba da fushi ba. Sai Holmes Rolston, wanda nake so ka duba rayuwarsa don ta yi kama da abin da kake nema. Ya fara da kimiyyar lissafi da fiziks, ya yi digirin digirgir a tauhidi a Edinbura, ya yi aikin fasto a Bajiniya, sannan ya koma ya karanta falsafar kimiyya ya koyar shekaru da yawa a Jami'ar Jihar Kolorado, a 2003 aka ba shi lambar yabo ta Templeton. Tambayar da ya shafe rayuwarsa a kai ita ce, shin itace ko tsuntsu ko kogi suna da daraja a karan kansu, ko sai in sun amfane mu. Sannan ga wasiƙar Fafaroma Francis ta 2015 kan kula da muhalli, Laudato Si', ko kai ba Katolika ba ne ka karanta, musamman yadda ya haɗa kukan ƙasa da kukan talaka wuri ɗaya.

Amma ƙanena in ka tsaya a nan ka zama mai maimaita maganar Turawa kawai, kuma ɗalibanka za su rubuta jarabawa su manta. Abin binciken yana bakin ƙofarmu, kuma masu yinsa ta fuskar tauhidi kaɗan ne ƙwarai. Akwai ranar da muke kan Farawa 1:28 da 2:15 a aji, ɗaya na maganar mulki ɗaya na maganar a noma gonar a kuma kiyaye ta, na yi ta bayani kan sare itatuwa, sai wani ɗalibi da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu ya ce malam, kuɗin makarantar da na biya wannan zangon na gawayi ne, babana buhu-buhu yake ƙonawa ya kai bakin titi, yanzu in na je gida in ce masa zunubi yake yi ko me. Aji ya yi tsit. Muka ajiye abin da na shirya muka shiga maganar farashin gas da kananzir, da waye ke sayen gawayin a birni, mu ne fa, har da gidajen fastoci, da wane irin itace ake sarewa da wanda kakanninsa suka hana a taɓa kamar ɗorawa da kaɗanya. Yaron nan daga baya a kan wannan ya yi firojet ɗinsa, ya zauna da masu ƙona gawayi na ƙauyensu ya ji ta bakinsu, kuma yana cikin mafi kyau da na taɓa dubawa.

Irin wannan nake nufi. Ka fita ka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Bukuru da Barikin Ladi tun zamanin Turawa, ruwa ne mai zurfi da har yau yake cin mutane da dabbobi, gonaki kuma sun tafi. Ka tuna gubar dalma a Zamfara a 2010 da ta kashe yara sama da 400 saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Tafkin Chadi da ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Sannan ga wanda ni ya fi taɓa ni, kurmin da kakanninmu suka keɓe don tsafi, ba a sara ba a farauta a ciki, da bishara ta shigo a wurare da dama sai sababbin tuba suka shiga da gatari don su nuna ba sa tsoron dodo kuma. Bangaskiyarsu ta gaskiya ce, ba na ɗora musu laifi, amma maɓuɓɓugar ruwan da kurmin ke karewa ta ƙafe, kuma ikilisiya ba ta kawo wani dalili sabo na kiyaye wurin ba bayan tsohon dalilin ya faɗi. Wannan aikin masanin tauhidi ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, kuma dattawan da suka ga abin da idonsu suna ta ƙarewa, wanda zai yi hira da su ya yi sauri.

Akwai labari mai ƙarfafa zuciya kuma, a Maradi. Wani ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, sai wajen 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In ka zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi ka datse sauran ka kare su daga awaki, itace ya dawo ba tare da ka sayi ko dashe ɗaya ba. Manoman Maradi da Damagaram, yawancinsu Musulmi, su suka ɗauki abin suka yaɗa shi gona zuwa gona, har ana ƙiyasin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da yawa gawo ne wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Ina kawo wannan a aji duk shekara.

Wannan ya kawo ni ga abokan aikinmu Musulmi. A jami'a sau da yawa sashe ɗaya kuke ko ofis na kallon ofis, kuma suna da nasu tushe mai ƙarfi, batun halifanci da amana, da hadisin da ke cewa ko tashin kiyama ya zo kana riƙe da dashe ka dasa shi. Ka nemi ɗaya ku yi rubutu tare, ni na ƙaru ƙwarai ta haka. Sai dai in kun zo kan rikicin manoma da makiyaya ka taka a hankali, kar ka tsaya gaban aji ka ce duk canjin yanayi ne ya jawo, don a cikin masu sauraronka akwai wanda ya binne mahaifinsa, akwai wanda aka kore musu shanu. Ƙarancin ruwa da burtali na ciki, amma rashin adalci da rashin hukunci ma na ciki.

Dattawan ikilisiyarku kuma kar ka yi musu gardama a taro. Tsoronsu yana da tushe, suna gudun kar a koma bauta wa halitta a bar Mahalicci kamar yadda Romawa 1:25 ta yi gargaɗi, kuma tun zamanin marigayi Byang Kato na Kwoi, masanin tauhidi wanda ya rasu a Mombasa a 1975, ikilisiyoyinmu na arewa suke taka-tsantsan da duk abin da ya yi kama da gauraya bishara da gargajiya. Ka je gidan babban cikinsu da yamma ka gaishe shi, ku buɗe Littafin Firistoci sura 25 inda aka umarta a bar ƙasa ta huta a shekara ta bakwai, da Maimaitawar Shari'a 20:19 inda aka hana sare itatuwa masu 'ya'ya ko a lokacin yaƙi, ka bar shi ya karanta da bakinsa. Ka roƙi izini ku dasa itatuwa a harabar majami'a tare da matasa, ka haɗa da zumuntar mata don su suka san nisan da ake tafiya neman itacen girki da ruwa yanzu, kuma su ne za su tabbatar an yi ban ruwa da rani.

Kafin ka cike fom ɗin mastas ka fara neman malamin da zai duba aikinka, ka karanta abin da ya rubuta, ka je wurinsa da shafi biyu kan wuri guda da matsala guda, misali kurmi ɗaya a ƙauyenku, ba muhallin Afirka gaba ɗaya ba. Ka faɗa mana makarantar da ka gama da sakamakon da ka fita da shi, da kuma ko ikilisiyarku za ta sake ka ka tafi karatu ko sun riga sun ba ka wurin aiki, daga nan zan iya ce maka ko jami'a za ka nufa kai tsaye ko ka fara koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki tukuna.