Amsa ga mai tambaya kan Squid da masu kallon bidiyo

Wallahi ɗan'uwa, da na karanta cewa ka saka delay_pools (tsarin taƙaita gudun intanet) a Squid, wato manhajar proxy da kwamfutoci ke bi ta cikinta zuwa intanet, amma har yanzu mutum biyu masu kallon YouTube suna tsayar maka da shagon intanet, sai na ji kamar labarina kake bayarwa.

Wani da ake kira injiniya ne ya haɗa min nawa. Ya karɓi kuɗinsa cif, ya rantse ya yanka wa kowace kwamfuta rabonta. Ranar da za a rufe rajistar jarrabawa, shago ya cika maƙil da ɗalibai, shafi ya ƙi buɗewa, janareta na ta shan mai. Wata baiwar Allah ta taso daga ƙauye tun asuba da 'yarta, kuɗin motar ma rance ta yi. Na kira injiniyan bai ɗauka ba, can ya kashe wayar. Da na same shi, ko kunya babu, wai laifin kamfanin layi ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ashe port 80, wato ƙofar da shafukan HTTP ke bi, ita kaɗai ya karkatar zuwa Squid. Bidiyo kuwa ta port 443 ta HTTPS yake bi, Chrome ma yakan bi ta wata hanya daban da ake kira QUIC, wadda ke tafiya a kan UDP, Squid bai ma san ya wuce ba. Buɗe access.log, fayil ɗin da Squid ke rubuta abin da ya bi ta cikinsa, bayan wani ya kalli bidiyo ya rufe burauza. In ba ka ga layin CONNECT ba, wato alamar HTTPS ya bi ta Squid, ta ɓarauniyar hanya suke fita. Toshe UDP 443, ka saita kowace burauza ta bi ta port 3128 ta Squid, ka hana fita kai tsaye.

Sannan lambobin delay_parameters, inda ake rubuta iyakar gudun, bytes ne a kowace daƙiƙa, ba bits ba. In ka rubuta 64000, ka ba mutum 512 kbps ke nan. A nau'o'in delay_pools, class 2 za ka yi amfani da shi don kowane IP, wato adireshin kowace kwamfuta, ya samu nasa rabon. Kafin reconfigure, wato sa Squid ya ɗauki sabon saiti, yi squid -k parse don ya duba maka kuskure, don Allah.

Kada ka sa rai da cache, wato ma'ajiyar shafuka ta Squid, HTTPS ba ya ajiyuwa haka nan. Ni daga baya na'urar router ta MikroTik na saka da PCQ, tsarinta na raba gudu tsakanin masu amfani, shi ya kawo min sauƙi. Kalmar sirrin Wi-Fi ma canza ta, yaran maƙwabta ba sa tausayi. Kuma duk wanda zai taɓa maka squid.conf, fayil ɗin saitin Squid, kwafe tsohon a filashi tukuna, ka tsaya a kansa har ya gama.