Jane Austen da zancen aure: ina kare haƙƙin mata a ciki?

Tambaya: Malama, ina karatun adabin Ingilishi a jami'a. An ce mana masu rajin kare haƙƙin mata suna ɗaukar Jane Austen a matsayin tasu. Ni kuwa duk littafinta da na karanta, budurwa ce ke neman miji har ta samu. To ina kare haƙƙin yake?

Amsa: Ƙanwata, fara duba dokar Ingila ta wancan zamani. Da zarar an ɗaura wa mace aure, kuɗinta da duk abin da za ta samu da guminta sun koma hannun miji. Sai a 1870 majalisa ta bar wa matar aure abin da ta samu da aikinta, a 1882 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da sauran dukiyarta. Ke da kika tashi kina ganin sadaki da gado mallakin mace ne, dole abin ya ɗaure miki kai.

Yanzu koma ga littafinta Pride and Prejudice na 1813. Mista Bennet 'ya'ya mata biyar gare shi, babu namiji, kuma an gindaya sharaɗin namiji ne kaɗai zai gaji gidan da gonakin. Ranar da ya faɗi ya mutu, ɗan uwansa Mista Collins ne mai gida. Ana yi wa uwar yaran dariya saboda rawar kanta wajen nema musu miji, amma tsoronta na gaskiya ne.

Ni wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Charlotte Lucas. Shekararta 27, ba kyau, ba dukiya, ta karɓi Collins jim kaɗan bayan ƙawarta Elizabeth, 'yar Mista Bennet kuma tauraruwar littafin, ta ƙi shi, kuma ta san sarai wawa ne. Dubi dabararta bayan ta tare: ta zaɓi ɗakin baya ta mayar wurin zamanta don kada ya riƙa faɗo mata, tana ta zuga shi ya tafi aikin lambu. Austen ba ta zage ta ba, ta dai nuna mana abin da rufin asiri ya ci mata. Wannan tonon silili shi manazartan ke yabawa.

Sai dai ƙorafinki yana da tushe, kuma su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu na cewa an koma gidan jiya, tunda Elizabeth ta ƙare a gidan Darcy mai samun fam 10,000 a shekara. Wata marubuciyar, Charlotte Brontë, ta ƙara taku a littafinta Jane Eyre na 1847: sai da tauraruwar littafin, Jane, ta ci gadon fam 20,000 kafin ta koma wa masoyinta Rochester da ƙafarta. A 1979 manazarta Sandra Gilbert da Susan Gubar suka fassara Bertha, matar Rochester ta farko da ya kulle a saman bene, da cewa fushin Jane ne da ta danne. A 1985 wata manazarciyar, Gayatri Spivak, ta ja hankali kan cewa Bertha daga Jamaika aka kawo ta, kuma sai da ta mutu Baturiyar Ingila ta samu shiga ɗakin.