Amsa: Mutanen Kerala Tamil ne?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya samu gurbin karatu a jihar Kerala da ke kudancin Indiya, kana tambaya ko mutanen can Tamil ne, kuma ko in ya koyi Tamil za ta fisshe shi. Na yi shekara huɗu ina karatu a Coimbatore ta jihar Tamil Nadu, kusan duk hutuna kuwa a Kerala nake yinsa, don haka bari in faɗi abin da na sani.

A yau dai ba Tamil ba ne. Harshensu Malayalam, jiharsu daban tun 1956, kuma kada ya kuskura ya kira mutumin Kochi, wani babban birnin Kerala, Tamil, ba zai ji daɗi ba. Amma tushen ɗaya ne, duk wanda ya zauna ɓangarorin biyu kunnensa ma zai gaya masa.

Ranar da na fara hawa jirgin ƙasa zuwa Palakkad ta Kerala, tafiyar kamar awa ɗaya ta wata kafa da ta ratsa duwatsun da suka raba jihohin, na sauka na ji mai shayi yana ƙirga canji: onnu, randu, munnu. Kusan yadda na saba ji a Coimbatore. Da hira ta yi nisa sai na ɓace. Mai Tamil zai ce "nan vanden", na zo, "avan vandan", ya zo. Mutumin Kerala kuwa "vannu" kawai yake cewa, ko shi ne ya zo ko waninsa. Kalmomin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, kuma sun cika bakinsu.

Shekaru dubu biyu da suka wuce, Kerala yanki ce ta ƙasar da ake kira Tamilakam, a hannun sarakunan Chera, ɗaya daga manyan gidajen sarauta uku tare da Chola da Pandya. Da Tamil mawaƙa suka yi wa sarakunan Chera kirari. Tashar jiragensu, Muziris, nan Rumawa ke zuwa da zinariya su loda masoro, kuma tonon da aka fara a ƙauyen Pattanam a 2007 ya fito da tarin fasassun tulunan Rumawa. Daga wajen ƙarni na 9 ne maganar mutanen gaɓar yamma ta fara kama hanyarta a rubuce, ko da yake wasu masanan Kerala na cewa rabuwar ta girmi haka, kuma suna da hujjarsu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kalma ɗaya ce da wani abokin karatuna ya nuna mini. Gabas a harsunan biyu ita ce "kizhakku", asalinta daga kalmar da ke nufin ƙasa-ƙasa. A Tamil Nadu ta yi daidai, don in ka nufi gabas gangarawa kake zuwa teku. A Kerala kuwa gabas hawan dutse ce, teku na yamma, amma har gobe haka suke kiranta.

Wajen wasanni ma haka. A Palakkad na kalli Tholpavakoothu, wasan inuwa da 'yan tsana na fata. An ɗaura dogon farin ƙyalle, a bayansa an jera fitilu 21 na ɓawon kwakwa da mai, dattawa na motsa 'yan tsanan suna rera baitocin Ramayana, doguwar waƙar tarihin Hindu, na Kamban, mawaƙin Tamil, sannan su yi sharhi da gaurayen Tamil da Malayalam. Hayaƙi na tashi, ganga na amsawa, yara sun yi tsit. A garin Kodungallur na Kerala kuma, mabiya addinin Hindu na danganta babban wurin bautarsu da Kannagi, jarumar tsohuwar waƙar Tamil mai suna Silappatikaram, wadda ake jingina wa wani yariman Chera. A garin ne dai masallacin Cheraman yake, wanda mutanen wurin ke cewa an gina shi a 629. Na yi Juma'a a ciki, in ƙaninka ya samu dama ya je.

Batun ƙaninka, Malayalam zai koya, ba Tamil ba. Tamil za ta taimake shi a Palakkad da garuruwan kan iyaka, kuma da yawa suna jin ta saboda finafinai, amma a kasuwa da cikin bas Malayalam ake yi, rubutunsu ma daban. Ya fara da ƙirga da sunayen abinci tun kafin ya tashi. Allah Ya kai shi lafiya, Ya ba da sa'ar karatu.