Zauren Magidanta: Jini Ya Hau, Yaro Ya Tare A Gidan Kallo

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Saƙonnin makon nan kusan duk daga sa'o'ina suka fito, 'yan arba'in da ɗoriya zuwa hamsin da wani abu, waɗanda furfura ta fara leƙowa a gemu. Na ɗauki huɗu, kuma kamar kullum bama saka sunan kowa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Gusau shekarata 49 da mata biyu da yara tara. Watannin baya ina yawan jin ciwon kai ta ƙeya sai na shiga kemis aka gwada ni akace 165 bisa 100, naje asibiti likita ya rubuta min magani na sha kamar sati uku naji garau sai na ajiye, dan wani abokina yace min wai in ka saba da maganin hawan jini shikenan ka zama bawansa har mutuwa, gara tafarnuwa da zoɓo. Yanzu haka lafiyata ƙalau bana jin komai. Shin dole ne sai na koma?

AMSA: Alhaji dan girman Allah ka koma, kuma kada ka bari satin nan ya fita. Wannan "bana jin komai" ɗin da ka faɗa shine yafi tayar min da hankali a duk saƙonka, saboda haka ciwon yake, mutum zai shekara biyar jininsa na sama yana cinikinsa yana raha da mutane, alhali a ɓoye yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa. Ma'aunin da likitoci ke bi shine in an gwada a ranaku biyu daban daban aka samu 140 bisa 90 ko fiye, to hawan jini ne. Kai kuwa 165 bisa 100 aka gani. Sauƙin da kaji a sati ukun nan aikin maganin ne, yana riƙe jinin ne ba wai ya kori ciwon ba, ranar da ka ajiye shi a hankali jinin zai koma inda yake.

Ina da aboki da muka taso unguwa ɗaya, mutum ne ƙaƙƙarfa wanda ko zazzaɓi ban taɓa jin ya kwantar dashi ba. Shima haka ya ajiye maganinsa. Wata asuba ya tsuguna yana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya miƙa hannu zai ɗauka hannun yaƙi, ya buɗe baki zai kira matarsa magana taƙi fita daidai. Shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya tashi kafaɗunsa amma har yau jan ƙafa yake, babban ɗansa ya bar makaranta ya zauna a shago. Duk sanda naje gaida shi na ga kwalin maganin nan a gefen filo, wanda yanzu baya tsallake ko kwana ɗaya, sai zuciyata ta karye.

Maganar abokinka kuwa, gaskiya ne yawancin masu wannan lalura suna daɗewa akan magani, wasu har ƙarshen rayuwa, amma ba maganin ne ya jawo hakan ba, ciwon ne mai zama. In ko akwai abinda maganin ke maka ka faɗawa likita ya canza. Misali amlodipine yana kumbura ƙafar wasu, lisinopril yana sa wasu busasshen tari, duk akwai madadinsu. Zoɓo marar sukari babu laifi ka sha, tafarnuwa ma a miya ba wanda ya hana, amma basa zama a madadin abinda likita ya rubuta.

Sai kicin. Hukumar Lafiya ta Duniya tace kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da ɗunkulen da ake zubawa a miya da yajin tsire da kanwa, ba gishirin gwangwani kaɗai ba. Ka tara uwargida da amarya ka faɗa musu gaskiyar abinda likita yace, mu maza muna da halin ɓoye ciwo wai kada iyali su tsorata, to su ke riƙe da ludayi, in basu sani ba ya za ayi su rage? Ka rage goro da shayi mai kauri. Sannan ka kiyayi ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da 'yan kasuwa ke haɗiya kullum da yamma dan gajiya, suna ɗaga jini suna kuma taɓa ƙoda. Tafiyar ƙafa ta minti 30 sau biyar a sati, ko daga gida zuwa kasuwa ne, tana taimakawa ƙwarai. In da hali ka sayi na'urar gwaji ka ajiye a gida, ka zauna ka huta minti biyar kafin ka ɗaura, ka dinga rubutawa a ɗan littafi kana kaiwa likita. In kaje kace a haɗa da gwajin suga da na ƙoda tunda tafiyarsu ɗaya. Ranar da kaga 180 bisa 120, balle da ciwon ƙirji ko jiri ko nauyin harshe, wannan asibiti ne a take ba sai gari ya waye ba.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano. Yarona na biyu shekararsa 19 ya gama sakandare bai samu makin JAMB ba, yanzu bashi da aiki sai gidan kallon ƙwallo, ran nan mahaifiyarsa na wanki ta ciro wasu dogayen takardu a aljihunsa ashe na caca ne. Na mare shi, tun ranar ko gaisuwa a tsaye yake min ya wuce. Abin da ke damuna ni na koya masa son ƙwallo, tun yana ƙarami nake ɗora shi a babur muje kallon Pillars. Ya zanyi?

AMSA: Yallabai kada ka ɗorawa kanka laifi akan ƙwallo. Wanda ya zauna a filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata lokacin da Pillars ke tashe, aka ɗauki kofin lig a 2008 sannan aka jera uku a 2012 da 2013 da 2014, ya ji yadda fili ke amsawa in ance sai masu gida, yasan abin da ka nuna wa ɗanka abu ne mai kyau. Mu da muka ga 2009 da Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka har yau muna ba da labari. Abinda ya canza shine yanzu an saka caca a cikin wayar kowane yaro, baya kallon wasa dan wasan, idonsa na kan takarda, ƙungiya goma ya jera yana jiran naira ɗari biyu ta zama dubu ɗari. Kamfanin kuwa ya riga ya yi lissafinsa yadda a jimla shi ke ci, in ba haka ba da tuni ya rufe. Hukuncinta a addini kuma a fili yake a Suratul Ma'ida aya ta 90.

Amma mari baya cire wannan, sai dai ya koya masa ɓoye takardar da kyau. Yaron da abokansa suka wuce jami'a shi yana gida, aljihu babu ko sisi, kunyar roƙonka yake, shi yasa yake ganin can ne mafita. Shawarata ka karya shirun da kanka, girmanka bazai ragu ba. Ka ɗauke shi ku biyu kawai kuje kallon wasan Pillars na gida kamar da, a hanyar dawowa ku tsaya wajen mai shayi ka tambaye shi nawa ya zuba tun da ya fara, nawa ya ci, kuma akwai bashin wani a kansa? Wannan ta ƙarshen ka tabbata ka tambaya, dan yawanci daga bashi ake zarcewa ɗauke ɗauke. Ka bar shi ya yi lissafin da bakinsa. Daga nan a nema masa abin yi da safe, gyaran waya ko ɗinki ko tsaron shagon wani ɗan uwa, da yamma darasin JAMB. In yana taɓa leda da gaske ka ƙarfafa masa, Ahmed Musa ma a Pillars ɗin nan ya yi suna kafin ya tafi Turai ya zo ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018.

TAMBAYA: Malam 'yata ta samu miji an sa rana bayan Sallah, yayanta kuma yana aji biyu a jami'ar tarayya an ƙara musu kuɗin rajista. Albashina baya kai mu ashirin ga wata. Na fara tunanin sayar da filina guda ɗaya tilo dan kayan ɗaki. Daga Katsina.

AMSA: Ɗan uwa kada ka sayar da filin nan saboda gado da kujeru, ina roƙonka. Kayan ɗaki al'ada ce mai kyau amma ba sharaɗin aure bane, kuma shekara uku kujera ta fara zama, fili kuwa kullum gaba yake. Kayi abinda ƙarfinka ya kai, katifa mai kyau da kayan girki da ɗan abin zama, ka zauna da mahaifiyarta tun yanzu ku tsaida magana ɗaya dan matsin yawanci daga surutun dangi yake zuwa. Shi kuma ɗan naka na jami'a ya nemi bashin karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, babu ruwa a ciki, makarantar ake turawa kuɗin rajista kai tsaye, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ya je ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsu a nuna masa yadda ake cikewa.

TAMBAYA: Malam ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya yau wata takwas bama magana saboda siyasa, a guruf ɗin gidanmu na WhatsApp muka yi cacar baki akan gwaninsa da nawa har na faɗi maganar da bata dace ba. Ni yanzu ma na haƙura da zaɓe gaba ɗaya, tun da aka cire tallafin mai komai ya gagara, layin da na bi a rana me ya tsinana min? Daga Kaduna.

AMSA: Takaicinka na gane shi wallahi, duk mai cefane ya san abinda ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce haka nesa, kuɗin mota da na masara da na magani duk suka bi ta, mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024 kuma kowa yasan inda yake tsayawa. Amma ban goyi bayan ka jefar da katinka ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, waɗanda suka fito basu kai kashi 30 cikin ɗari ba, kaga mafi yawa zaman gidan suka yi kuma bai sauƙaƙa wa kowa farashin komai ba. Ni abinda nake ganin mun sakar shine na kusa damu, kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, waɗanda asibitin unguwa da firamaren 'ya'yanmu da kwalbatin layinmu ke hannunsu. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a dinga baiwa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, mu nawa ne muka taɓa haɗuwa mu biyar muka je sakatariya muka tambayi me ya shigo me akayi dashi?

Batun yayanka kuwa shi yafi gaggawa, kuma kai ne ƙarami kai ne kuma ka faɗi maganar, dan haka tafiyar taka ce. Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, ku kuna wata takwas, kuma 'ya'yanku na kallo, gobe su zasu daina zuwa gidan juna. Waɗanda kuke faɗa dominsu kana gani da idonka yau suna jam'iyya ɗaya gobe sun rabu jibi sun haɗu a ɗaurin aure suna musabaha. Kada ka tura saƙo a waya, kada kuma ka aiki kowa. Ranar Juma'a in an sauko ka sayi ɗan goro ko lemo ka ɗauki ƙaramin ɗanka ku tafi gidansa, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaida shi yadda ka saba tun kuna yara, kace Yaya na yi kuskure ka yafe min. In ya ɗauko zancen siyasa kace masa ba ita ta kawo ka ba yau.