Faten dankali da sosej: inda ake yin kuskure

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce kin yi wa mutanen gida faten dankalin turawa da sosej da kayan lambu, sai sosej ɗin ya kumbura ya tsattsage ya yi salam, romon ya tsinke tsululu, kabeji kuma ya cika gida da wari. Kin kuma ce da ruwa ya tafasa kika juye komai a lokaci guda. To daga nan aka samu matsala. Kayan da ke cikin tukunyar nan kowanne da lokacin nunarsa: dankali na son kusan minti 20, kabeji minti 5 ya ishe shi, sosej kuwa ba dahuwa yake nema ba, suya yake so.

Bari mu fara da shi, tunda shi ya fi ɓata miki rai. Yawancin wanda ake samu a firizar manyan shaguna, na kaza ko na saniya, dafaffe ne tun daga kamfani. Niƙaƙƙen nama ne aka haɗa da kitse da gishiri da ɗan sitaci aka ɗura a fata. In ya daɗe a ruwa mai ɓararraka sitacin zai sha ruwa ya kumbura, fatar ta fashe, kitsen da gishirin su gudu cikin romo, a bar ki da abu kamar soso. Don haka soya shi ake yi da farko, a kwashe, sai an kusa saukewa a mayar. In kuma margez kika samu, wannan jan mai yaji da ake sayarwa a Yamai da Injamena, shi ɗanye ne. Ki soya shi ɗungurungum a wuta matsakaiciya minti 10 zuwa 12 kina juyawa, har ya zama babu sauran ja na ɗanyen nama a tsakiyarsa, sannan ki yanka. Yana fitar da mai sosai, cokali ɗaya na man gyaɗa ya wadatar.

Wajen saye ki karanta jikin ledar, kada ki tsaya a hoton kaza. Ki ga an rubuta halal, ki duba da me aka yi fatar, domin wasu na ƙasashen waje naman saniya ne a ciki amma hanjin alade aka ɗura shi. Ki duba lambar NAFDAC, wato hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa. Ledar da ƙanƙara ta dunƙule a cikinta alama ce ta narke an sake daskarar da ita, kin san halin wutarmu. Wanda kika buɗe kika ji yana yauƙi ko tsami, zubar da shi ya fi sauƙi a kan jinya.

Ga awon mutum shida: sosej giram 500, dankali kilo 1, karas 3, kwatan kabeji madaidaici, koren wake cikin hannu ɗaya, albasa 2, tumatir 4, tattasai 3, attaruhu 2 ko 1 in akwai yara, tafarnuwa ƙwaya 4, ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa, dafaffen farin wake kofi 1, man gyaɗa cokali 3, dunƙule 2, kori da masoro kaɗan, sai lawashi. Ruwa lita ɗaya da rabi, amma in kina da romon kaza ko na ƙashi ki yi amfani da shi, bambancin ba kaɗan ba ne.

Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba mai ya yi zafi, ki jera sosej ɗin da kika yanka. Kada ki tara shi tsibi guda, in tukunyar ƙarama ce ki soya kashi biyu, in ba haka ba ruwa zai fitar ya turara kansa. Ki ƙyale shi minti 2 ba tare da juyawa ba, sai gefen da ke ƙasa ya yi ja sannan ki juya. Ki kwashe a faranti. Za ki ga wani jan abu ya manne a gindin tukunya. Kada ki wanke, kada ki canza tukunya, daɗin girkin gaba ɗaya a nan yake. Ki zuba albasa a kai, ruwan jikinta zai ɗago shi kina kankarewa da muciya. Abin kiyayewa kawai kada ya yi baƙi, domin in ya ƙone ɗacin zai bi romon har ƙarshe.

Albasa ta yi laushi sai tafarnuwa da citta, ɗan juyi kaɗan don saurin ƙonewa gare su, sannan jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu. A nan ake son haƙuri. Ki soya kusan minti 10 har ruwan ya tsotse, mai ya taso sama. Tsami yana hana dankali saurin laushi, shi ya sa in aka cika tumatir za ki ga an fi rabin awa ana dafawa amma dankalin na nan da ƙarfinsa. Huɗun nan sun isa. Kanwa kuma ban ba ki shawarar sa ta don kashe tsami ba, tana caɓe kayan lambu ta dusar da kalar romo.

Yanzu ki zuba ruwa lita ɗaya tukuna, sauran rabin ki ajiye shi da zafi a gefe. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. Ki sa dunƙule da kori da masoro, gishiri kuwa ki dakata. Da ya tafasa sai dankali da karas su shiga tare, ki rage wuta ya riƙa tafasa a hankali, murfi a ɗan karkace.

Maganar kauri, daga dankalin kansa ake samunsa. Wajen yanka ki ware guda biyu ki yi musu ƙanana sosai kamar ƙwayar gyaɗa, sauran ki yi manya kamar girman goro. Kafin manyan su nuna ƙananan sun narke sun ɗaure romon. In duk da haka bai yi miki ba, ki ɗebi ludayi ɗaya na dankali da wake ki murƙushe da bayan cokali ki mayar, cikin minti 2 za ki ga ya haɗe. Fulawa ba ta da wani amfani a nan, gudaji kawai take kawowa. Dankalin da fatarsa ta yi kore ko ya yi tsiro ki fere wurin da zurfi, wanda koren ya yi yawa ki yar, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki.

Bayan minti 12 ki sa koren wake da dafaffen waken. Waken nan dole a dafa shi daban tun da farko, ɗanye ba zai taɓa nuna tare da dankali ba. Bayan wasu minti 4 ki soka wuƙa a dankali, in ta shige da ɗan tirjiya kaɗan lokacin kabeji da sosej ya yi. Kabejin a yanka shi da faɗi, ba siriri irin na salak ba. Minti 5, murfi a buɗe. Warin da kika ji na kabejin da ya wuce lokacinsa ne, yana daɗewa a wuta yana ƙara fitar da shi. Ki sauke da sauran ɗan ƙarfinsa, zafin romon zai ƙarasa shi.

Sai yanzu za ki ɗanɗana gishiri, domin sosej ya saki nasa, sau da yawa ma ba a buƙatar ƙari. Ki watsa lawashi, ki rufe minti 5 kafin a zuba. Da burodi yake tafiya, ko a ci shi haka nan, tunda da dankali da wake a ciki yana riƙe ciki.

In ya yi saura kada ya wuce awa 2 a waje, ki juye a mazubi mai faɗi ya huce da wuri ki sa a firji, kwana 3 ne iyakarsa in wuta ta tsaya. Firiza ba ta yi wa dankali daɗi, yana fitowa da ruwa-ruwa. Washegari za ki tarar ya yi kauri, ki ɗebi iya wanda za a ci ki ƙara ruwan zafi ki bari ya tafasa sosai.

Tunda kin ambaci akwai ƙananan yara a gidan: kada ki yanka musu sosej zagaye kamar kwabo, daidai faɗin maƙogwaronsu yake, yana iya shaƙe yaro. Na 'yan ƙasa da shekara 5 ki tsaga shi a tsaye gida huɗu tukuna, sannan ki yayyanka ƙanana.