Injin wanke-wanke: wanne zan saya, wane sabulu zan zuba masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Mu tara ne a gida, ni kuma ma'aikaciyar jinya ce, sau da yawa sai bayan isha'i nake dawowa in tarar da kwanuka jibge. Maigida ya amince zai saya mini injin wanke-wanke. An yi mana tallan wani na hannu da aka kawo daga Amurka, da araha sosai. Mu karɓa, ko mu ƙara kuɗi mu sayi sabo? Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka wa maigida da alheri. Mace ce ma ta ƙirƙiro injin da ya fara karɓuwa, Josephine Cochrane ta jihar Illinois a Amurka, a shekarar 1886, don haka kada wani ya ce miki son jiki ne.

Amma wannan na Amurkan, ki bar shi. Injinan can an ƙera su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Kina jona shi kai tsaye zai ƙone, in kuma an ce a sa masa taransifoma, sai an nemi babba mai tsada, arahar ta tashi a banza ke nan. In na hannun za ku saya, ku nemi ɗan Turai, wutarmu ɗaya da tasu. Ni dai sabo mai garanti na fi so miki, daga shagon da ke da mai gyara da kayan gyara a garinku.

Kafin ku je kasuwa, ku duba gidan tukuna. Injin da kansa yake dafa ruwansa, kuma lokacin dafawar yana jan kusan wat 2,000. Ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. In sola gare ku, a tabbatar inbatar za ta iya, a riƙa kunna shi da tsakar rana. A sa masa sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar Nepa. Sai ruwa, wanda nan ne aka fi yin kuskure: yawancin injinan suna son ruwan da ke zuwa da ƙarfi, misalin tankin da ya ɗara injin tsawo da mita 5. In tankinku bai kai haka ba, mai gyaran famfo ya haɗa muku ɗan injin tura ruwa. Shan ruwan kansa kaɗan ne, lita 10 zuwa 12 a wanki guda, bai cika bokiti ba.

Gidan mutum tara, mai faɗin santimita 60 za ki ɗauka, wanda ke cin kayan mutum 12 zuwa 14. Siririn nan mai santimita 45 zai sa ki wanki sau biyu kullum.

Wani abin da mai shago ba zai gaya miki ba: an ƙera injin nan ne don farantan tangaran, kofunan gilashi, cokula da kwanukan silba. Tukunyar tuwo mai ƙanzo sai kin jiƙa ta kin kankare da hannu. Tukwanenmu na alminiyam baƙi suke yi a cikinsa. Muciya, akushi, ƙwarya da ludayin duma kuwa tsagewa za su yi saboda zafi. Zai rage miki aiki ƙwarai, amma tukwanen na nan suna jiranki ko yaran gida.

Tambaya: Anti, na saya wa iyalina injin, sabulun da ya zo da shi ya ƙare. Za mu iya zuba Morning Fresh ko garin Omo? Kuma kofuna suna fitowa da farin dabbare-dabbare. Daga wani magidanci a Kano.

Amsa: Malam, don Allah kada a zuba ko ɗigo. Waɗannan sabulai masu kyau ne a wurin aikinsu, amma kumfa suke yi, injin kuwa feshin ruwa yake da ƙarfi. Kumfar za ta cika shi, ta malalo ƙasan kicin, tana iya taɓa kayan wutarsa. Sabulunsa daban ne, ba ya kumfa, kuma iri uku ne: na gari, na ruwa mai kauri, da dunƙule irin na Finish ko Fairy.

Dunƙulen ya fi sauƙi, ɗaya za a jefa a rufe, yana kuma fitar da maiƙon miya sosai, sai dai tsada. Na gari shi nake ba masu wanki kullum shawara, domin ya fi araha, kuma kai ke auna shi daidai da dattin kwanukan. Aibinsa ɗaya, da damina yana dunƙulewa, sai a juye shi a roba mai murfi. Na ruwan shi ne ƙarshe a wurina. Na gari da dunƙule suna haɗa sinadarin da ke narkar da sitaci da maiƙon nama tare da mai cire tabo, na ruwa kuwa galibi ɗaya kawai yake ɗauke da shi, shi ya sa yakan bar tabon shayi a kofi. Kowanne aka saya, a ɗora shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, yana ƙona baki da ido, dunƙulen kuma kama yake da alewa.

Farin dabbaren daga ruwanku ne. Leƙa gindin butar shayinku: in akwai farin ɓawo, ruwan burtsatsenku na da zartsi. A ƙasan injin akwai rami mai murfi, a cika shi da gishirin injin, mai manyan ƙwayoyi. Ban da gishirin miya, abin da ake haɗa masa don kada ya dunƙule yana toshe wurin. A jikin ƙofa kuma akwai gurbin ruwan ɗauraya, wani sinadari na musamman da ake sayarwa, shi ke sa ruwa ya zame daga gilashi ya bushe tas. Ko dunƙulen da aka ce ya haɗa komai kuke sawa, in ruwan ya cika zartsi sai kun ƙara gishirin.

A riƙa share ƙashi da ragowar shinkafa kafin a jera kwanuka, ba sai an ɗauraye su ba. Rariyar da ke ƙasa kuma a cire ta a wanke duk mako, musamman in kuna yawan miyar manja.